HAƊE BASUSSUKAN KARATU WURI GUDA A KAN TSAYAYYEN KUƊIN RUWA

Jawabin da wani jami'in watsa labaru na Gwamnatin Tarayya ya yi ga taron iyaye da ɗalibai



Abin da aka umurce ni in yi magana a kansa yau shi ne rancen karatu, musamman irin wanda ɗalibi kan ci daga banki ko daga kamfani mai zaman kansa, da kuma dabarar nan ta haɗe basussuka da yawa su koma bashi guda a kan kuɗin ruwa tsayayye. Asalin wannan al'amari na ƙasar Amurka ne. Can ya yi ƙarfi, can kuma aka kafa masa dokoki, saboda haka yawancin abin da zan faɗa labarin can ne. Amma fa ya shafe mu, gama a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 'yan Nijeriya fiye da 20,000 ne suke karatu a manyan makarantun Amurka, kuma babu wata ƙasa ta Afirka da ta kai mu yawan ɗalibai a can. Daga cikinsu akwai waɗanda da rance suka tafi. Akwai kuma iyaye da 'yan'uwa da suka sa hannu suka tsaya musu, alhali ba su san iyakar nauyin da suka ɗora wa kansu ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, tun da haka ne, ya kamata kowa ya san irin wanda yake cikinsa.

RANCE IRI BIYU NE

A Amurka rancen karatu iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba, sauran bayanin ba zai amfane shi ba.

Na farko shi ne wanda gwamnatin ƙasar take bayarwa ta hannun ma'aikatarta ta ilmi. A shekarar 2024 jimlar bashin karatu da ake bin mutanen Amurka ta haura dala tiriliyan 1.7, kuma fiye da kashi 90 bisa ɗari na wannan kuɗi na gwamnati ne, ana bin mutum fiye da miliyan 40. Tun daga 1 ga Yuli, 2006, duk sabon rancen gwamnati kuɗin ruwansa tsayayye ne. Kowace shekara akan yanka wa sababbin masu ci abin da za su biya, wanda kuwa aka yanka wa mutum shi zai bi shi har ya gama. Masu digiri na farko da suka ci a shekarar 2020 zuwa 2021 an yanka musu kashi 2.75 bisa ɗari, waɗanda suka ci a 2024 zuwa 2025 kuwa kashi 6.53. Wannan rance na 'yan ƙasa ne da waɗanda suka sami izinin zama na dindindin. Ɗan Nijeriya da ya shiga da bizar ɗalibi ba ya cikinsu.

Na biyu shi ne na bankuna da kamfanoni masu zaman kansu. Su ba domin taimako suka kafu ba, ciniki suke yi, kuma kowane mai ci akan yanka masa kuɗin ruwa gwargwadon yadda aka ga zai iya biya. Wannan ita ce ƙofar da ta rage wa ɗalibanmu, idan ba su sami sukolashif ba, gida kuma ba ta iya ɗaukar nauyinsu. Da yake akan ci rancen ne shekara-shekara, ko ma zango-zango, sai ka ga ɗalibi ya gama makaranta da bashi uku ko huɗu a kansa, kowanne da nasa kuɗin ruwa, da tasa ranar biya, wani lokaci ma kowanne da nasa kamfani.

TSAYAYYE DA MAI HAWA DA SAUKA

Ni da yake aikina fassara ne, na lura cewa wurin da mutanenmu suka fi ruɗewa a takardun rance shi ne kalmomi biyu ƙanana da akan rubuta kusa da adadin kuɗin ruwa. Ɗaya tana nufin tsayayye, ɗaya tana nufin mai hawa da sauka.

Tsayayye shi ne wanda aka yanka ranar sa hannu, ya zauna haka har ranar biyan ƙarshe. Idan an ce kashi 8 bisa ɗari, to kashi 8 ne bana, kashi 8 ne kuma nan da shekara goma, kome kasuwa ta yi.

Mai hawa da sauka kuwa an gina shi ne hawa biyu. Hawan ƙasa wani ma'auni ne na kasuwar kuɗi wanda yake motsi kullum. A dā ana amfani da wanda ake kira LIBOR, aka daina shi a ƙarshen watan Yuni na 2023, aka koma ga wanda ake kira SOFR. Hawan sama shi ne ribar da kamfani ya ɗora wa kansa, wadda ba ta canzawa. Duk wata, ko duk wata uku, akan dubi ma'aunin a sake lissafi. In ya hau, biyan mai bashi ya hau, in ya sauka ya sauka.

Ga abin da ya faru a idon kowa. A farkon shekarar 2022 ma'aunin SOFR yana dab da sifiri. Daga watan Maris na wannan shekara Babban Bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa domin ya shawo kan tsadar kaya, bai tsaya ba sai a watan Yuli na 2023, lokacin da ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.50 bisa ɗari. Mu ɗauki misalin ɗalibin da ake bi dala 40,000, kamfani kuma ya ɗora ribar kashi 5 a kan ma'aunin. A farkon 2022 kuɗin ruwansa na shekara wajen dala 2,000 ne. Kafin ƙarshen 2023 ya haura dala 4,000. Bai ƙara cin ko sisi ba, bai yi lattin biya ba, amma nauyinsa ya ninka cikin wata goma sha shida. Abokinsa da ya zaɓi tsayayye bai ji kome ba.

Kada kuma a ɗauka tsayayye kyauta ne. Galibi a ranar sa hannu yakan ɗara mai hawa da sauka kaɗan, domin kamfani ne ya ɗauki kasadar kasuwa, shi ya sa yake cajin ladan ɗaukarta. Har wa yau, in kasuwa ta sauko, kamar yadda Babban Bankin Amurka ya fara ragewa a watan Satumba na 2024, mai tsayayye ba zai ga ragi ba sai in ya sake neman sabon rance. Abin da mutum yake saye da wannan ɗan ƙari shi ne ya san abin da zai biya kowane wata, ya tsara albashinsa a kai. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wanda ƙarin dala ɗari a wata zai iya hana shi biyan haya, wannan sani yana da daraja ƙwarai.

MENE NE HAƊE BASHI?

Haɗe bashi shi ne mutum ya je wa kamfani guda ya ci sabon rance wanda ya kai jimlar tsofaffin. Kamfanin ba zai ba shi kuɗin a hannu ba. Zai aika wa masu bin tsofaffin basussukan kuɗinsu kai tsaye, a rufe waɗancan takardu, a buɗe sabuwa guda ɗaya mai sabon kuɗin ruwa da sabon wa'adi. Ku lura da kyau: bashin bai ragu ba ko da anini. Mai bin sa ne ya sake, sharuɗɗansa kuma suka sake.

Gwamnatin Amurka tana da nata shirin haɗewa, amma na basussukanta ne kaɗai, ba ta karɓar na kamfanoni. A shirinta ba a rage kuɗin ruwa, akan fitar da matsakaicin na tsofaffin ne a ɗaga shi zuwa sumuni na gaba, watau kashi ɗaya cikin takwas na kashi ɗaya bisa ɗari. Saboda haka wanda bashinsa na kamfani ne, wurin kamfani zai haɗe shi, kuma a can sabon ciniki ne ake ƙullawa. Yana iya samun ragi, yana kuma iya faɗawa abin da ya fi na dā tsada.

Amfanin haɗewa a fili yake. Ranar biya ta zama guda, mantuwa ta ragu. Wanda yake kan mai hawa da sauka yana iya komawa tsayayye. Wanda aka yanka wa ruwa mai tsada lokacin da yake ɗalibi marar aiki, yanzu da ya sami albashi, ya kuma nuna yana biya, yana iya samun mai sauƙi. Amma kafin mutum ya ce ya yi riba, akwai lissafi biyu da lalle ne ya yi da alƙalaminsa.

LISSAFI NA FARKO: NAWA KAKE BIYA YANZU?

Mu koma ga ɗalibinmu mai dala 40,000. A ce bashinsa uku ne: dala 30,000 a kan kashi 7, dala 6,000 a kan kashi 12, da dala 4,000 a kan kashi 14. Wani kamfani ya aiko masa da tayi, zai haɗe masa duka a kan kashi 9.5 tsayayye.

Mai gaggawa zai tara 7 da 12 da 14 ya sami 33, ya raba uku ya sami 11, ya ce ai 9.5 bai kai 11 ba, an yi mini ragi. Wannan kuskure ne, domin basussukan ba girmansu ɗaya ba. Hanyar gaskiya ita ce a fitar da ruwan kowanne na shekara. Na farko dala 2,100, na biyu dala 720, na uku dala 560. Jimla dala 3,380. In aka auna wannan da dala 40,000, sai a ga ainihin abin da yake biya kashi 8.45 ne. A kan tayin 9.5 kuwa zai biya dala 3,800. Ke nan da ya karɓa, da ya ƙara wa kansa dala 420 a shekarar farko kaɗai, yana murna an taimake shi.

To, mene ne abin yi? Babu dokar da ta ce sai an haɗe duka. Yana iya barin babban bashin mai kashi 7 inda yake, ya haɗe ƙananan biyu masu tsada. Dala 10,000 a kan kashi 9.5 ruwanta dala 950 ne, maimakon dala 1,280 da yake biya a kansu. Ya tsira da dala 330 ke nan a shekara. Tayi guda ne, kamfani guda ne, amma wanda ya yi lissafi ya ci riba inda wanda bai yi ba ya yi hasara.

LISSAFI NA BIYU: SHEKARA NAWA?

Abin da masu talla suka fi ɗagawa shi ne biyan wata-wata. Za su ce maka, zo mu rage maka abin da kake biya kowane wata. Sau da yawa kuwa wa'adin kawai suka ja, ruwan yana nan yadda yake.

Dala 40,000 a kan kashi 8 tsayayye, in za a biya cikin shekara 10, kowane wata wajen dala 485 ne, kuɗin ruwan duka kuma zai kama wajen dala 18,200. In aka ja wa'adin zuwa shekara 20, biyan wata zai sauko zuwa wajen dala 335. Sauƙin dala 150 ke nan a wata, abin sha'awa. Amma kuɗin ruwan duka zai kai wajen dala 40,300, watau ya ɗara uwar kuɗin da aka ci tun farko. Yaron da ya gama makaranta yana da shekara 25 zai kai 45 yana biya, lokacin da nasa 'ya'yan suke neman kuɗin makaranta.

Ba na cewa jan wa'adi laifi ne a kowane hali. Wanda albashinsa ba zai ɗauki dala 485 ba, gara ya ɗauki dala 335 ya riƙa cikawa da ya ɗauki abin da zai kāsa. Sai dai ya sani cewa wata doka ta Amurka ta shekarar 2008 ta hana kamfanoni cin tarar wanda ya biya rancen karatu kafin wa'adi. Saboda haka duk ranar da hali ya samu, ya ƙara a kan abin da aka yanka masa, ya kuma rubuta wa kamfanin cewa ƙarin a zare shi daga uwar kuɗi. Kowace dala da ta fita daga uwar kuɗi ta daina haihuwa.

ABIN DA AKE RASAWA

Wannan sashe na 'yan'uwanmu ne da suka zama 'yan ƙasa a can, ko 'ya'yansu da aka haifa a can, waɗanda suke da rancen gwamnati da na kamfani a lokaci guda. Kamfani zai yi farin cikin haɗe musu duka. Amma ranar da kamfani ya biya gwamnati kuɗinta, bashin ya fita daga hannun gwamnati ke nan har abada, babu hanyar mayar da shi.

Rancen gwamnati yana da rangwame da na kamfani ba shi da su. Ana iya tsara biyansa gwargwadon abin da mutum yake samu. Wanda ya yi wa gwamnati ko ƙungiyar taimakon jama'a aiki, ya cika biya 120, watau shekara 10, ana iya yafe masa saura, bisa ga wata doka ta 2007. Idan mai bashi ya rasu, ko ya nakasa ƙwarai, akan soke bashin. Sa'an nan ga abin da ya faru lokacin annobar korona: daga watan Maris na 2020 gwamnati ta dakatar da biya, ta mai da kuɗin ruwa sifiri, ba a koma biya ba sai a watan Oktoba na 2023. Wajen shekara uku da rabi ke nan. Waɗanda suka riga suka kai bashinsu ga kamfanoni domin neman ragin kashi ɗaya ko biyu, suna ji suna gani wannan sauƙi ya wuce su.

Daɗin daɗawa, tun daga 2005 dokar Amurka ta tsananta a kan rancen karatu na kamfanoni. Ko kotu ta tabbatar da cewa arzikin mutum ya karye, ba a cika sauke masa irin wannan bashi ba sai ya nuna matsanancin ƙunci, abin da yake da wuyar tabbatarwa. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a bar na gwamnati a hannun gwamnati, a haɗe na kamfanoni su kaɗai.

WA AKE BA, WA KUMA YA TSAYA MASA?

Kamfani ba ya haɗe wa kowa bashi. Yakan dubi albashi, da yawan sauran basussuka, da kuma makin da hukumomin ajiye tarihin bashi suka ba mutum. A Amurka wannan maki yana kamawa daga 300 zuwa 850, kuma biya a kan lokaci shi ne babban abin da yake ɗaga shi. Adadin nan mai sauƙi da ake bugawa a talla na masu babban maki ne. Abin da za a yanka maka sai ka nema za ka gani. Yawancin kamfanoni kuma suna neman ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, in kuwa baƙo ne, to ya kawo irin wannan mutum ya tsaya masa.

A nan nake roƙon iyaye su saurara. A wurinmu tsayawa wani alheri ne da ake yi wa ɗan'uwa, kamar shaida ce cewa yaron kirki ne. A takardar banki kuwa wanda ya tsaya shi ma mai bashi ne cikakke. Idan ɗalibi ya kāsa biya, ba rabi za a nema wurinsa ba, duka za a nema. Idan ɗalibi ya yi latti, sunan mai tsayawar ma zai ɓaci. Zumunci da yawa ya lalace a kan wannan. Ɗaya daga cikin kyawawan dalilan haɗe bashi shi ne ɗalibin da ya sami aiki ya ci sabon rancen da sunansa shi kaɗai, ya 'yantar da kawunsa ko yayarsa da suka tsaya masa. In kuwa tilas sai da mai tsayawa, to a tambaya tun farko, bayan biya nawa za a cire sunansa, a kuma ga amsar a rubuce.

DALA DA NAIRA

Akwai wani abu da ɗan Amurka ba ya tunaninsa, mu kuwa shi ne ya fi kome yi mana barazana. Kuɗin ruwa tsayayye yana tsayar da adadin dalar da za a biya. Ba ya tsayar da farashin dala.

A watan Mayu na 2023 dala ɗaya wajen Naira 460 ce a farashin hukuma. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji ya bar kasuwa ta yanka farashi, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 kuwa dala ta haura Naira 1,500. Ɗalibinmu mai biyan dala 485 a wata, in ya komo gida yana karɓar albashi da Naira, abin da yake nema a dā Naira 223,100 ne. A farashin 1,500 ya zama Naira 727,500, watau fiye da ninki goma na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka kafa a 2024. Takardarsa ba ta canza ba ko da harafi ɗaya, amma bashin ya fi ƙarfinsa.

Don haka duk wanda zai ci bashi da dala ya tambayi kansa da wane kuɗi zai biya. Bizar ɗalibi ba alkawarin aiki ba ce. Wanda yake da niyyar komowa gida, wanda kuwa ƙasa tana bukatarsa, ya fi masa ya matsa ya rage uwar kuɗin tun yana samun dala, maimakon ya ja wa'adi zuwa shekara 20.

HALIN DA MUKE CIKI A GIDA

A Nijeriya ma rancen ɗalibai ba sabon abu ba ne. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Rancen Ɗalibai a 1972, aka ba mutane da yawa, amma kaɗan suka biya, har shirin ya durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilmi, shi ma bai kai ko'ina ba. A ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar rancen ɗalibai, aka gyara ta aka sake sa mata hannu a ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka kuma fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu na wannan shekara ta hannun asusun da ake kira NELFUND.

Wannan rance na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne na cikin gida. Babu kuɗin ruwa a kansa. Gyaran 2024 ya cire sharaɗin kawo masu tsayawa. Akan biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ba a fara neman biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 bisa ɗari na abin da mutum yake samu. Duk wanda yake da irin wannan rance, kada ya yarda wani ya ruɗe shi ya ci bashin banki mai ruwa domin ya biya shi da sunan haɗewa. Amma lalle ya biya in lokaci ya yi, gama abin da ya mayar shi za a ba ƙanensa. Rashin biya ne ya kashe na 1972.

Na sani a cikinmu akwai da yawa waɗanda addininsu ya hana su mu'amala da kuɗin ruwa ko kaɗan. Wannan magana ce ta malamai, ga su nan a kowane gari, a tambaye su. Abin da zan iya faɗa shi ne akwai hanyoyi marasa ruwa: asusun da na ambata, da sukolashif na tarayya da na jihohi, da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a ƙasar nan a 2012. Wanda kuwa ya riga ya shiga, bayanin da na yi zai taimake shi ya rage abin da yake biya, ya kuma fita da wuri.

Game da iyayen da suke cin bashin banki a nan gida domin kuɗin makarantar 'ya'yansu, ku sani yawancin takardun bankunanmu suna ɗauke da sharaɗin cewa banki yana iya sake kuɗin ruwa in kasuwa ta sake. Ma'aunin Babban Bankin Nijeriya ya tashi daga kashi 11.5 a farkon 2022 zuwa kashi 27.5 a watan Nuwamba na 2024, masu bashi da yawa kuwa sun sami wasiƙar ƙari. Tun daga watan Agusta na 2020 kuma, banki yana da ikon bin lambar BVN ta wanda ya ƙi biya ya ɗebi kuɗinsa daga ajiyarsa ta wani banki. Kamfanonin nan masu ba da rance ta wayar hannu, masu cajin ruwa wata-wata ko mako-mako, ba wurin neman kuɗin makaranta ba ne, cin bashinsu domin biyan wani bashi kuwa ƙara zurfin rami ne.

KAFIN KA SA HANNU

Zan taƙaita da abubuwa bakwai da nake so kowa ya tafi da su.

1. Rubuta dukan basussukanka a takarda guda: wa yake bi, nawa ya rage, kashi nawa ne ruwan, tsayayye ne ko mai hawa da sauka, na gwamnati ne ko na kamfani.

2. Fitar da ainihin abin da kake biya a shekara kamar yadda muka yi ɗazu, ka auna tayin da shi.

3. Nemi tayi daga kamfani uku ko fiye. Ka gwada su da adadin da ake rubutawa APR, domin shi ne ya haɗa ruwa da ladan buɗe rance.

4. Tambayi jimlar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe. Biyan wata shi kaɗai ba ya nuna tsada.

5. Tambayi abin da zai faru in aiki ya tsaya, ko ciwo ya kama, ko mutuwa ta zo. Wata nawa za a ɗaga maka? Ruwan da ya taru a lokacin za a ɗora shi a kan uwar kuɗi ne?

6. Kada ka yi gaggawa. A dokar Amurka, bayan an amince da rancen kana da kwana 30 na yin shawara ba tare da an sake sharuɗɗa ba, bayan ka karɓa kuma kana da kwana uku na aiki da za ka iya fasawa.

7. Ci gaba da biyan tsofaffin basussukan har sai ka ga takardar shaidar an rufe su. Duk wanda kuma ya ce ka ba shi kuɗi tukuna domin ya haɗe maka bashi ko ya sa a yafe maka, ka guje shi.

Jama'a, ilmi jari ne, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya nemi rance domin ya same shi. Abin da muke roƙo shi ne a shiga da ido buɗe, a karanta takarda kafin a sa hannu, wanda bai gane Turancinta ba ya nemi wanda zai fassara masa, iyaye da 'ya'ya kuma su zauna su yi lissafin tare tun kafin a sayi tikitin jirgi. Wanda ya ji wannan bayani ya isar wa wanda bai zo ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Allah ya taimaki ɗalibanmu, ya taimaki Nijeriya.